Kujerar kanti ko ta kafinta: wacce ta dace da ma'aikacin biro a Damagaram

Da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a leƙa kowane biro a Damagaram, na gwamnati ne ko na ƙungiya ko shagon buga takardu na bakin hanya, kusan abu ɗaya za a gani. Sakatariya na zaune a bakin kujera, bayanta bai taɓa majingini ba tun safe. Tebur ya yi mata tsawo, kafaɗunta sun ɗago kusa da kunnuwa, wuyan hannunta yana kan kaifin katako, ƙafafunta kuwa yatsu kaɗai ke taɓa ƙasa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana can ƙasa, ita kuma kanta a sunkuye. Jim kaɗan sai ta kai hannu ta matsa ƙeya, ta juya wuya hagu da dama, ta koma aiki. In an tambaye ta za ta ce gajiya ce, ko iskar fanka. In an tashi, ta sayi ƙwaya biyu wajen mai tallar magani, gobe a sake.

Ranar da kuɗin kayan biro suka fito, hankalin kowa kan kujera yake tafiya, kuma yawanci kan babbar baƙar kujerar nan mai sheƙi da ake kira ta darakta. Hanyoyi uku ne a gaban mai saye: ya ɗauko kujerar kanti mai taya da ake ɗagawa a sauke, ya sa kafinta ko mai walda ya ƙera masa daidai jikinsa, ko ya gyara wadda yake da ita da ƴan kuɗi kaɗan. Kowacce tana da inda ta fi. Sai dai duk wanda ya zaɓa kafin ya ɗauki ma'auni ya auna jikin mai zaman da tsawon teburinsa, to caca ya yi da kuɗinsa.

Abin da zama ke yi wa jiki

Ƙashin baya ba miƙaƙƙen sanda ba ne. A daidai ƙugu ya ɗan lanƙwasa zuwa gaba, kuma tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai faifan guringuntsi mai taushi da ke ɗaukar nauyi. A shekarar 1999 wani mai bincike a Jamus, Hans-Joachim Wilke, da abokan aikinsa sun sa ma'auni cikin irin wannan faifai a ƙugun wani mutum mai lafiya, suka auna matsin da ke kansa. In an ɗauki matsin tsayuwa a matsayin 50, zama a sunkuye gaba sosai ya kai 83, kishingiɗa a jikin majingini kuwa ya sauko zuwa 27. Mutum guda aka auna, amma darasin a fili yake: sunkuyo ne ke wahalar da ƙugu, jingina kuma tana sauke masa kaya. Kujerar da ba ta bari ka jingina alhali hannunka na kan aiki ta rasa babban amfaninta, komai tsadarta.

Haka wuya. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa in kai ya sunkuya da digiri 30, nauyin da wuya ke ji ya kai kamar kilo 18, a digiri 60 kuma kamar kilo 27. Lissafi ne na ƙiyasi, amma duk wanda ya yini yana kallon ƙasa ya san zafin nan da ke tasowa tsakanin allunan kafaɗa ya hau ƙeya ya zama ciwon kai.

Hannu shi ne na uku. Wata jijiya ta ratsa ta wani ɗan matsatsen rami a wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe. In wuyan hannu ya yini a lanƙwashe sama, ko yana danne a kaifin tebur, matsi na ƙaruwa a ramin. Alamar farko ita ce yatsun nan su riƙa yin tsami ko mutuwa da dare har su tada mutum daga barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke naƙasa mutane a duniya. Asarar da biro ke yi ba ta tsaya ga ranakun da ma'aikaci ya kwanta a gida ba. Ta fi yawa a ranakun da ya zo amma rabin hankalinsa na kan bayansa: lamba ta zame a lissafin albashi, wasiƙa ta dawo don a sake bugawa, mai jiran takarda a ce masa ya komo gobe.

Awo kafin saye

Ma'aunin tela da minti biyar sun isa. Mutum ya zauna kan benci mai tauri da takalmin da yake zuwa aiki da shi, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa. Awo na farko daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa. A rage santimita 2 ko 3, wannan shi ne tsawon mazauni. Na biyu daga bango, in ya manna ɗuwawunsa da shi, zuwa bayan gwiwa. A rage faɗin yatsu uku, kamar santimita 5 zuwa 6, wannan shi ne zurfin mazauni. Na uku, ya saki kafaɗunsa, ya lanƙwasa hannu kamar zai karɓi tire, a auna daga mazauni zuwa ƙasan gwiwar hannu. A haɗa wannan da tsawon mazauni, an sami inda saman kibod ya kamata ya tsaya. Na huɗu daga mazauni zuwa ido, don sanin inda bakin saman fuskar kwamfuta zai kai.

Nan ne matsalar ke bayyana. Teburan da ake sayarwa da waɗanda kafintoci suka saba yi tsawonsu santimita 73 zuwa 76 ne, wasu har sun wuce. Wannan tsawo ya yi wa dogon mutum mai kusan santimita 185 daidai. Mai tsawon 170 yana bukatar mazauni kusan 44 da tebur kusan 67. Mai tsawon 160, wanda mata da yawa a nan suke, mazauni kusan 41 da tebur kusan 63. Wato teburin da ake ganin na kowa ne ya fi ƙarfin yawancin masu zama a gabansa da santimita 6 zuwa 13. Shi ya sa kafaɗu ke ɗagowa. In aka sayo kujera mai tsada aka tura ta gaban wannan tebur ba tare da an gyara komai ba, kafaɗun nan ba za su sauka ba.

Mafita biyu ce. Ko a yanke ƙafafun tebur, abin da kafinta zai gama cikin rabin awa in na katako ne, ko a ɗaga kujera har gwiwar hannu ta kai tebur, sannan a sa matakin ƙafa wanda tsawonsa ya yi daidai da abin da aka ƙara. In an ɗaga kujera da santimita 10, matakin ya zama 10, faɗinsa aƙalla 45, zurfinsa 35, don ƙafafu biyu su sami wurin motsi. Yanke tebur ya fi, domin ƙafar da ke ƙasa tana yawo yadda ta so. Amma teburin gwamnati ko na ƙungiya da aka rubuta cikin kundin kaya ba kowa ke da ikon sa masa zarto ba, sai a koma ga mataki.

A duba ƙarƙashin tebur kuma. Aljihun tsakiya, wanda kafintoci ke son sakawa don ajiye hatimi da biro na rubutu, yana cinye santimita 10 ko fiye na wurin cinya. Shi ke hana a ɗaga kujera, shi ke hana a matso. A cire shi, aljihuna su koma gefe guda. Ƙafafu na son fili mai faɗin santimita 60 aƙalla, da zurfin 60, ba kwalin takardu, ba jarkar ruwa.

Kujerar kanti

Iri biyu ce, kuma ana yawan ruɗa su. Ta darakta doguwa ce, mai faɗi, an lulluɓe ta da roba mai kama da fata, hannayenta a kafe, abin da ke motsi a jikinta ɗagawa da lilo kawai. Mazauninta yakan kai zurfin santimita 52 ko fiye, don haka gajere ko matsakaicin mutum in ya jingina bakin kujera zai danne masa bayan gwiwa, in ya matso gaba kuma ya rabu da majingini. Hannayenta na karo da bakin tebur su hana shi matsowa, sai ya miƙa hannu ya sunkuya. Ga zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, robar nan tana riƙe gumi, riga ta manne, ba a daɗe ba ta fara tsagewa tana zubar da ɓawo. Ga mai karɓar baƙi yana sa hannu a takarda ba laifi. Ga mai buga rubutu awa shida, ita ce mafi munin zaɓi cikin duka, kuma sau da yawa ita ce mafi tsada.

Ta biyu ita ce kujerar aiki ta gaskiya, wadda ba ta da kwarjini amma gaɓoɓinta na motsi. Abubuwan da za a nema a jikinta: mazauni ya sauka har santimita 40 ya hau har 52, majingini ya hau ya sauka, ko tudun ƙugunsa ya motsa, don ya zauna daidai inda ɗamara ke bi, kamar santimita 17 zuwa 22 daga mazauni, bayan ya kwanta zuwa digiri 100 ko 110 kuma a iya kulle shi, hannaye su sauka ƙasa da tebur ko a iya kwance su, ƙafafu biyar, ba huɗu ba, don kada ta kife in an jingina.

Inda take mutuwa a garinmu sananne ne. Bututun iskar da ke ɗaga ta shi ne na farko: in robar cikinsa ta saki, kujera za ta riƙa nutsewa a hankali, ka zauna daidai da safe, kafin azahar haɓarka ta kusa tebur. Ana buga lambar daraja a jikin bututun, a nemi mai lamba 3 ko 4. Ana iya canja shi, in kuma ba a samu ba, a yanko bututun roba na ruwa daidai tsawon da ake so a zura a jikin sandar, kujera ta tsaya cak a nan. Na biyu tayoyi. Rairayi da ƙurar hunturu da zaren tufafi na shiga gindinsu su daina juyawa, sai mutum ya riƙa jan kujera da ƙarfi har ƙafar roba ta karye. Sai an riƙa kifa ta ana tsaftacewa duk wata. Masu babbar riga da masu dogon hijabi su kula, taya na cin bakin tufa. Na uku soso. Mai arha yakan kwanta cikin ƴan watanni har a ji katakon ƙasa. Gwajinsa a kanti: danna da tafin hannu da dukan ƙarfinka, in ka ji katako, ko ramin bai cike nan take ba, ka bar ta. Mai bayan raga ta fi shan iska, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan, sai dai raga mai arha tana saki ta zama kamar hamaka, ƙugu ya faɗa ciki. Araha ba ta ado.

Amfaninta da babu mai ƙwace mata shi ne wurin da mutane da yawa ke karɓa-karɓa a kujera ɗaya: gishen banki, ɗakin kwamfuta na makaranta ko na Jami'ar André Salifou, wurin karɓar marasa lafiya da ake aikin dare da rana. Dogo ya tashi gajere ya zauna, dole kujera ta bi su. Amma sai an koya wa mutane maɓallanta. Wani bincike da Benjamin Amick da abokansa suka wallafa a 2003 kan ma'aikatan tara haraji a Amurka ya nuna cewa waɗanda aka ba kujera mai daidaituwa tare da horon yadda ake sarrafa ta, ciwon jikinsu bai riƙa hauhawa daga safe zuwa yamma kamar na sauran ba. Kujerar da aka kawo da ledarta, ba wanda ya taɓa murɗa komai a jikinta tun ranar, ba ta da bambanci da benci.

Ta kafinta

Ga wanda kujerarsa tasa ce shi kaɗai, shekara da shekaru, a ganinmu wannan ce ta fi, da sharaɗin a kai wa mai sana'a lambobi a rubuce. In aka ce masa kawai a yi kujerar biro, zai yi wadda ya saba: baya a miƙe kamar bango, mazauni santimita 46 ko 48, kaifin gaba kamar wuƙa.

Ga abin da za a rubuta masa. Tsawon mazauni shi ne awon farko, amma a tuna soso zai nutse da santimita 2 zuwa 3, don haka da mutum a kai ake nufi. Faɗi 45 zuwa 50. Zurfi shi ne awo na biyu, yawanci tsakanin 40 da 45. Bakin gaba a zagaye shi ya gangara ƙasa, don kada ya datse jinin cinya; wannan datsewa ce ke kumbura ƙafa da yamma. Mazauni ya ɗan karkata baya kaɗan, digiri 3 ya isa. Majingini ya kwanta baya da kusan digiri 100 zuwa 105 daga mazauni. In kafinta ba ya aiki da digiri, a ce masa a kan tsawon santimita 45, sama ta ja baya da santimita 8 zuwa 12. A bar rata ta santimita 10 zuwa 12 tsakanin mazauni da farkon majingini don ɗuwawu su shige, sannan a yi tudun ƙugu mai kaurin santimita 3 zuwa 4 a daidai ɗamara. Soso mai tauri, kaurin santimita 5 zuwa 7. Mai laushi sosai yana daɗi minti goma na farko ne kawai. Sutura ta zama yadin auduga mai kauri da za a iya cirewa a wanke. Fata ta gaske ma tana yi, kuma Damagaram ba ta rasa majema da dukawa ba. Tana shan gumi fiye da robar kanti, tana kuma daɗewa in ana shafa mata mai. Hannaye kuwa gara a bar su, sai in an tabbata za su shige ƙarƙashin tebur.

Katako ko ƙarfe? Katakon da bai bushe ba yana tsukewa da hunturu, mahaɗai su saki, kujera ta fara rawa. Gara kuma tana jira in ƙasan ɗakin ba siminti mai kyau ba ne. A nemi busasshe, a haɗa da ƙusa mai murɗi da gam, ba ƙusar bugawa kaɗai ba. Ƙarfen walda mai kusurwa huɗu ya fi jure wahala, kuma mai walda na iya yin dabara guda mai amfani: ya sa majingini a kan sanda mai ramuka uku ko huɗu, tazarar santimita 2, a riƙa ɗaga shi da noti.

Rauninta biyu. Ba ta juyawa, saboda haka wanda firinta ko waya ke gefensa zai riƙa murɗa ƙugu. Maganin wannan shi ne a jera kayan da ake taɓawa kullum a gaba, cikin abin da hannu ke kaiwa ba tare da baya ya bar majingini ba, firinta kuma a kai ta nesa sosai yadda dole sai an tashi. Na biyu, in an yi kuskuren awo an yi ke nan. Don haka kada a bari a sa soso da yadi sai an je an zauna a kan ƙashin kujerar, da matashi a ƙasa, na minti goma sha biyar aƙalla.

Gyaran wadda ake da ita

Wannan ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Tawul da aka naɗe ya kai kaurin damtse, a ɗaure shi da igiya a majingini daidai ƙugu. Matashi mai tauri a ƙasa in kujera ta yi gajarta. Guntun katako ko bulo mai faɗi a ƙarƙashin ƙafa. A cire walat daga aljihun baya, domin yana karkatar da ƙugu gefe guda yini guda. Kujerar roba ta taron biki ce kaɗai ba ta gyaruwa: ta yi ƙasa, bayanta ya kwanta da yawa, ƙafafunta na buɗewa da zafi. Ta yi wa baƙo, ba ta yi wa ma'aikaci ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka

A nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki, har ya fi na kujera. Saboda ɗaukewar wuta, yawancin ma'aikata sun koma kan tafi-da-gidanka mai batir, kuma da gaskiyarsu. Amma fuskarta da kibod ɗinta a haɗe suke: in hannu ya ji daɗi wuya ya sunkuya, in an ɗaga ta don wuya hannu ya rataya. Ba yadda za a ajiye ta duka biyu su daidaita. Sai an raba su. A sayi kibod da linzami (abin da ake ja da hannu don nuni a fuskar kwamfuta) na waje masu waya, waɗanda batirin kwamfutar ke ɗauka ko babu wuta, a duba jerin haruffan ya zama irin wanda hannu ya saba, na Faransanci mai farawa da AZERTY ko ɗayan. Sannan a ɗora kwamfutar a kan abin da zai ɗaga ta. Ƙunshin takardar A4 mai 500 kaurinsa kusan santimita 5 ne. Uku ko huɗu sukan isa. Kafinta ma na iya yin ɗan akwati mai buɗaɗɗen baya, wanda ya fi, domin iska na ratsawa ta ƙasa kwamfutar ba ta yin zafi.

Bakin saman fuskar ya zo daidai ido ko ƙasa kaɗan, nisanta tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70, a gaba sosai ba a gefe ba. In rubutu ya yi ƙanana a ƙara girmansa, kada a miƙa wuya. Mai tabarau mai gida biyu, wanda yake karatu ta ƙasan gilashi, ya sauke fuskar ƙasa da haka, in ba haka ba zai riƙa ɗaga haɓa har ƙeya ta ƙage. Ƴan ƙafafun bayan kibod a kwantar da su, domin suna tilasta wuyan hannu ya lanƙwashe sama. Linzami ya manne da gefen kibod. A bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin bakin tebur da kibod don damtsen hannu ya sami wurin hutawa. David Rempel da abokansa sun bi ma'aikatan amsa waya 182 na tsawon shekara guda a Amurka, suka wallafa a 2006 cewa allon da ke tallafe damtse ya rage samun ciwon wuya da kafaɗa da kusan rabi. Mai kwafe rubutu daga takarda ya jingina ta a tsaye kusa da fuskar kwamfuta, maimakon shimfiɗa ta a tebur yana kai da kawowa da wuya.

Teburin tsayuwa

Ana yawan ganinsa a intanet, mai hawa da sauka da lantarki. Gwajin da aka yi da ma'aikatan asibiti 146 a Leicester ta Ingila, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna bayan shekara guda zaman waɗanda aka ba irin wannan tebur tare da horo ya ragu da kusan minti 83 a rana a wurin aiki, in aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba, kuma su da kansu sun ce aikinsu ya inganta. To amma mai injin lantarki a inda wuta ke yawan ɗaukewa, ga ƙura, sayen wahala ne. Kanta ta katako a jikin bango, daidai tsawon gwiwar hannun mai tsayuwa, kusan santimita 100 zuwa 110, tana yin aikin: a karanta wasiƙu a can, a amsa waya a can. Tsayuwa yini guda ma tana da nata ciwon, na ƙafa da kumburin jijiyoyi. Alan Hedge na Jami'ar Cornell ya ba da shawarar cikin kowane rabin awa a zauna minti 20, a tsaya 8, a yi tafiya 2. Fita alwala da sallar azahar da la'asar suna yanke zaman da kyau, amma tsakanin ƙarfe takwas da azahar akwai awa biyar ko fiye da ba abin da ke tada mutum. A wannan tsakanin ne ya kamata a ƙirƙiri dalilin tashi: gorar ruwa a nesa, takarda a kai da ƙafa maimakon a aiki masinja.

Zafi da haske

Kujera ba ta maganin ɗakin da ya zama tanda. Olli Seppänen da William Fisk da abokin aikinsu sun tattara bincike da dama a 2006, suka ga aikin biro ya fi tafiya a kusan digiri 22, a digiri 30 kuma yana raguwa da kusan kashi 9 cikin ɗari. Biro mai rufin kwano ba sili a watan Mayu ya wuce 30 nesa ba kusa ba. Shugaban da ke da kuɗin abu ɗaya, ya gwada sili da fanka mai aiki da hasken rana a kan sabbin kujeru kafin ya yanke shawara. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu a wurin aiki, saboda haka neman wannan ba roƙon alfarma ba ne. Iskar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki kada ta bugi fuska kai tsaye: mai kallon kwamfuta ƙiftawarsa na raguwa sosai, in an haɗa da busasshiyar iskar hunturu sai ido ya yi ja yana yaji kamar an zuba rairayi. Duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Taga ta kasance a gefe. In tana bayan mutum haske na faɗawa kan fuskar kwamfuta ya karkace yana neman inda zai gani. In tana gabansa ido na fama da haske biyu. Tagogin gabas da yamma su suka fi bukatar labule.

In kuɗin kaɗan ne, a fara da kibod da linzami da abin ɗaga kwamfuta, sai tsawon tebur ko matakin ƙafa, sannan kujera: ta kafinta ga mai zama shi kaɗai, ta kanti mai gaɓoɓi ga wurin karɓa-karɓa. Bayan an gyara a ba jiki mako biyu zuwa uku, don tsokar da ta saba da karkace takan yi ƙorafi da farko.

Akwai ciwon da ba na kujera ba ne, kuma jinkiri a kansa na da haɗari. Ciwon baya da ke sauka ƙafa tare da rauni har takalmi na zamewa, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ciwon da ke tsananta da dare tare da zazzaɓi ko rama, wanda tarin fuka na ƙashin baya na iya kawowa: waɗannan a tafi Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko likita mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba, na fitsari da mutuwar jiki kuwa a ranar. Haka yatsun da suka yi makonni suna mutuwa har abu na suɓucewa daga hannu. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak da ibuprofen da ake sha kullum ba da izinin likita ba suna cin ciki suna taɓa ƙoda, musamman da zafi lokacin da jiki ke ƙarancin ruwa, tramadol kuma yana kama mutum ya kasa bari.